Majanyin da ke Ƙasan Kwando

Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada, na tara sababbin malaman makarantar Lahadi a gindin mangwaron da ke bayan cocinmu na Samaru, na buɗe musu kwandon aiki. Yawancinsu ɗaliban jami'a ne. Wani saurayi mai karatun injiniya ya tura hannu har ƙasan kwandon, ya zaro wani tsohon majanyi da ya koɗe, ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera.

"Anti Hannatu, wannan kuma fa? Reno muka zo yi ko koyarwa?"

Aka kwashe da dariya. Wata budurwa ta ce ita fa ta zaɓi sashen yara ne don ba shi da wuya: waƙa, tafi, biskit, kafin Baba Fasto ya rufe wa'azi an gama. Na ce su yi mini haƙuri, za su sami amsa a rubuce, domin labarin ba na tsaye ba ne. Na nemi izinin waɗanda abin ya shafa, sun ba ni.

Aikina na farko a wannan sana'a yankan tumaki ne. Na zo Samaru karatun adabi, ina haya a Bomo, kaina cike da kalmomi masu daɗi da nake zaton yara za su sha kamar zuma. Shugabar sashen yara ita ce Mama Rifkatu, tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya, gidanta a Sabon Gari. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce in same ta gida ranar Asabar. Da na je, ta miƙo mini almakashi da kwalin biskit wanda babu komai a ciki. Na yanka tunkiya mai siraran ƙafafu, wuyanta a ɗan karkace kamar tana sauraron iska. Mama ta karɓa, ta yaba, ta murɗa ta sau ɗaya a tsakanin yatsu. Ƙafafun suka zubo a cinyarta.

"Haka hannun ɗan yaye yake, 'yata," in ji ta. "Ki yi mata ƙafa kamar taɓarya."

A tsakar gidan nan na koyi kayan aiki. Allonmu katako ne da aka lulluɓe da tsohon bargo. Duk abin da aka yanka, tunkiya ko kifi ko kwalekwale, ana manna masa 'yar takarda mai kaushi a baya don ya kama bargon. Gam ɗinmu sitacin rogo ne da ake damawa a ƙaramar tukunya, domin yaro zai lasa, ko ka hana ko ba ka hana ba. Almakashin yara mai dunƙulen baki ne. Kalar zane ana karya kowace gida biyu tun kafin a raba, don in ba haka ba wanda ya sami doguwa yakan zama abin faɗa. Akwai ganga, akwai tabarmi, akwai bokitin ruwa da tsumma, kuma tsumman ya fi gangar aiki. Mama ta hana ni dogon ɗan kunne da takalmi mai tsini. Ta koya mini in durƙusa har idona ya yi daidai da na yaro kafin in yi masa magana. Na yi watanni ina ɗaukar kwando da share majina kafin ta bar ni in ba da labari ko ɗaya.

Ranar da ta bar ni, na shirya labari mai kyau a kan yadda Allah yake kula da tsuntsaye. Ina tsakiyar kwatanta fikafikai a hasken safiya, wani yaro ɗan manomi daga Bomo ya ɗaga hannu, ya ce shi jiya ya harbo kurciya da danƙo, sun gasa, kuma Allah bai hana ba. Ajin ya watse da gardamar wa ya fi iya harbi. Mama tana gefe tana ninke tsumma, ba ta cece ni ba. A hanya ta ce, "Kin ga masu sayen kayanmu ke nan. Ba sa karɓar abu don an naɗe shi da kyau."

Masu sayen nan iri-iri ne. Akwai 'ya'yan malaman jami'a masu Turanci a hanci, akwai 'ya'yan 'yan kasuwa, akwai waɗanda iyayensu suka zo daga kudancin Kaduna, a gida yarensu, a coci Hausa. Tambayarsu ba ta da ƙofa. Allah yana cin tuwo? Wa ya yi masa aski? Wata 'yar mitsitsiya ta taɓa tambayata, idan Yesu yana zaune a cikin zuciyarta, in ta sha kunu mai zafi zai ƙone? Mun yi ta maimaita wannan a taron malamai muna dariya har da hawaye. Iyaye kuma nasu cinikin daban. Uwa za ta ja ka gefe ta ce, "Malama, ki gaya masa Allah ba ya son mai fitsarin kwance." Mama Rifkatu takan amsa da murmushi, "Ba ni aka aiko da wannan saƙon ba." Ba ta taɓa yarda a mai da sunan Allah bulala a ajinta ba. Ku riƙe wannan, don ku san abin da zan faɗa ba a ajin sakaci ya faru ba.

Babban darasinmu na shekara shi ne na ranar Ista, muna kiransa darasin gilashi. Mama ta koyo shi a wani taron horar da malamai tun ban zo duniya ba, kuma cocinmu yana alfahari da shi. Ana ɗora kofin gilashi a kan tire, cike da ruwa mai kyau. Wannan ita ce zuciya. Sai a ɗiga aidin, irin wanda ake sa wa ciwo, ɗigo ɗaya ƙarya, ɗigo ɗaya sata, ɗigo ɗaya zagi, yara suna faɗa ana ɗigawa, har ruwan ya yi duhu. Sannan a ɗauko wata kwalba da aka naɗe da farar takarda, an manna mata jan gicciye, a tsiyaya abin da ke ciki. Nan take duhun yakan narke, ruwan ya koma garau, hasken taga ya ratsa shi. Abin da ke cikin kwalbar bilic ne, na wanke fararen kaya. Iyaye sukan baro sujada su cika tagogi don kallo. Na sha ganin manya suna share ido.

Muna kiyayewa sosai. Ni nake sayo kayan a kasuwar Sabon Gari ranar Asabar, ni nake naɗe kwalbar don kada yaro ya gane ta, ni nake riƙe tiren, kuma da an gama nake kai shi kwata in zubar, in wanke kofin, in kulle sauran a kabad ɗin ofis. Yaro bai taɓa taɓa kwalbar ba. Mun rufe kowace ƙofa da muka sani.

A shekarar da nake ba ku labari, akwai wata yarinya a layin gaba mai suna Rahila. Ba ta wuce shekara bakwai ba, doguwa, marar surutu, kullum ƙanenta Dauda yana riƙe da gefen siket ɗinta. Mahaifinsu Malam Ayuba yana tuƙa keke mai ƙafa uku tsakanin Samaru da Sabon Gari. Mahaifiyarsu Asabe, wadda take ba da waƙa a zumuntar mata, tana kwance a asibiti a Shika tun kafin Ista, sai yayar Malam Ayuba, Gwaggo Talatu, ta zo daga ƙauye tana riƙe yaran.

Darasin ya yi kyau a ranar. Ruwa ya yi duhu, ya koma garau, yara suka ja numfashi tare, tagogi suka ɗauki tafi. Na ɗauki tire zan fita, Rahila ta biyo ni har bakin kwata. Ta tsaya tana kallo ina zubarwa, ta ɗan ɗaga hanci.

"Anti, duk baƙin yana fita? Ko mai yawa ne?"

"Duka, Rahila. Ko ɗigo ba ya saura."

Amsar darasin ke nan, haka aka koya mana, haka na ba ta. Ta ce to, ta koma wurin ƙanenta.

Washegari Litinin, ranar da coci yake fita shan iska bayan Ista, muna wani fili da ke gefen gari da kulolin shinkafa da ganguna. Rahila da Dauda ba su zo ba. Ina cikin raba wa yara lemo, sai ga maƙwabciyarsu a bayan ɗan acaɓa, ɗankwalinta a hannu. Ba ta ko gaishe mu ba.

"Mama, ku zo. Rahila ta sha bilic. An wuce da ita Shika."

Mama Rifkatu tana riƙe da ludayi. Ta dubi matar, ta dube ni, ludayin ya faɗa cikin kula.

Mun tarar da Gwaggo Talatu a barandar asibiti, zanenta ja wur da manja. Ita da maƙwabta sun ɗura wa yarinyar manja don ta yi amai, kamar yadda ake yi a unguwa, nas ta yi musu faɗa ta ce wannan ƙara ɓarna ne, gobe in haka ta faru a taho kawai da yaro da kwalbar. Gwaggo ta ce ta fita shanya ne, ta dawo ta same ta a bayan ɗaki tana tari, ga kofi a ƙasa. Yarinyar ta cika kofin da ruwa, ta tsiyaya bilic ɗin wanki a ciki, ta kurɓa. Allah ya taimaka ruwan ya fi yawa, kuma zafin ya hana ta shanyewa. Ta ƙone a baki da maƙogwaro, amma likita ya ce za ta warke.

Da aka bar mu muka shiga, tana kwance, leɓɓanta sun kumbura. Na durƙusa a bakin gado yadda aka koya mini. Ta kama hannuna, ta jawo ni kusa. Muryarta kamar ana jan tsintsiya a kan siminti.

"Anti, leƙa."

Ta buɗe baki iyakar yadda za ta iya.

"Ya wanku?"

Mama ce ta zauna a gefen gadon, ta tambaye ta a hankali ta yaya ta san abin da ke cikin kwalbar. Rahila ta dube ta kamar an yi mata tambayar wasa. Ta ce ai warinsa ne. Da shi take taya mamarta wanke farar rigar zumunta.

Mun naɗe kwalba da takarda, mun manna gicciye, mun sayi kwaɗo mun kulle kabad. Ba wanda ya tuna cewa duk yaron da ke ajin nan ya san warin nan daga bakin famfon gidansu, kuma kwalbar tana nan a kowane gida, a bayan ƙofa, kusa da sabulu.

Sauran labarin ya fito kaɗan-kaɗan, tana hutawa tana faɗa. Kwanakin baya Gwaggo ta dafa farfesu za a kai wa mara lafiya. Rahila ta buɗe tukunya ta ɗauki tsoka ɗaya. Gwaggo ta kama ta da mai a baki, ga gajiya, ga zafin murhu, ta ce, "Naman mara lafiya? Allah ba ya son ɓarauniya. Ci gaba, ki ga ko uwarki za ta tashi." A makon nan jikin Asabe ya ƙara tsananta, aka hana yara zuwa dubiya. Yarinyar ta haɗa wannan da wancan, ta riƙe a cikinta, ba ta gaya wa kowa ba. Sai ga mu ranar Ista da kofi da kwalba, mun nuna mata magani da idonta.

Gwaggo Talatu tana bakin ƙofa tana ji. Ta ɗora hannu biyu a ka. "Wayyo ni. Ai magana ce kawai. Haka aka yi mana muna yara."

Malam Ayuba ya iso da ƙurar hanya a fuska. Ya shiga ya ga 'yarsa, ya fito, ya tsaya a gaban Mama Rifkatu. Mutum ne mai ladabi, bai ɗaga murya ba, kuma da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Mama, ni na kawo muku yarinya ku koya mata Allah yana ƙaunarta. Abin da na kawo ta yi ke nan."

"Haka ne, Ayuba."

"Matata tana wancan ginin, 'yata tana wannan. In tsaya a ina?"

Mama ba ta kare kanta ba. Ta tambaye shi jikin Asabe. Ya juya ya kalli bango, ya ce ƙoda ce, duka biyun, likitoci sun ce a yi ta addu'a. Kowa ya san abin da ake nufi in likita ya faɗi haka. A cikin keke muna komawa, da muka shigo Samaru Mama ta juyo gare ni. Ta ce, "Hannatu, in matar nan ta tafi yarinyar tana ɗauke da wannan, za ta ɗauke shi har furfura. Za ta ce ita ta kashe uwarta, kuma Allah ne ya taya ta. Muna da aiki, ba mu da lokaci."

Shekarar ta yi mana nauyi. Kafin mako ya zagayo, labari ya kai kasuwar Samaru cewa malaman coci sun ba yarinya guba. Dattawan ikilisiya suka zauna, wasu suka ce a rufe ajin ƙanana, yara su zauna da iyayensu a sujada. Iyayen da suke cika tagogi suka riƙe 'ya'yansu a gida. Muna shimfiɗa tabarmi, mu naɗe rabinsu ba wanda ya zauna. Malam Ayuba ya ce 'ya'yansa sun gama makarantar Lahadi, amma bai hana mu zuwa gidan ba.

Na je sau da yawa bayan an sallamo Rahila. Na zauna da ita a kan dakali, na yi amfani da duk abin da na iya. Na ce mata ƙaunar Allah kamar sararin sama take, ba ta da bakin da za a faɗo. Na ce nama ba ya sa ciwo. Na ce kofin nan misali ne kawai. Takan saurara da idanu a ƙasa, ta ce, "To, Anti." Za ku san wannan "to" ɗin in kun daɗe a aikin. Ita ce wadda yaro yake ba babba don ya tashi ya tafi. Gwaggo ta ce tun da aka dawo da ita ba ta taɓa nama ba, ko an sa mata sai ta tura wa Dauda.

Wata Asabar na je Sabon Gari, na tarar babu almakashi a tsakar gida, babu kwali. Mama tana goge farar rigarta ta zumunta da dutsen guga na gawayi, ta sa mata sitaci har tana ƙara. Na ba ta labarin dakali. Ta ce, "Abin da ya shiga ta ido kike so ki fitar ta kunne. Ba zai fita ba." Ta ce ta je Shika ta ga Asabe, ta gaya mata komai, kuma Asabe da bakinta ta roƙi mijinta ya kai yaran ajinmu ko sau ɗaya. Na tambayi abin da za mu shirya. Ta buɗe akwati, ta ɗauko majanyin da ta goyi 'ya'yanta da shi, ta ce in sa a kwando.

"Shi ke nan, Mama?"

"Damina ta faɗi. Sauran kayan aikin za su kawo kansu."

An yi ruwa da asubar Lahadin, harabar coci duk taɓo. Malam Ayuba ya sauke yaran a ƙofa, ya zauna a cikin kekensa, ya ƙi shiga. Rahila ta wuce can baya ta zauna a ƙarshen tabarma. Mama ta shigo cikin farar rigarta tana ɗaukar ido, ta tsaya tana duba 'yan yaran da suka zo kamar mai zaɓen tumatir. Ba ta sha wuyar nema ba. Dauda ya riga ya faɗa kududdufin bakin ƙofa, taɓo tun daga gashi har yatsun ƙafa, majina ta haɗu da hawaye, wandonsa kuma yana ba da nasa labarin. Ta sunkuya, ta ɗaga shi, ta cilla shi baya, ta miƙo mini hannu. Na ba ta majanyi. Ta ɗaure tamau.

Ajin ya ɗauki ihu. "Mama, rigarki! Mama, ya ɓata miki riga!"

"Ya ɓata?" Ta juya musu baya don su gani da kyau. Taɓo ya zana hannuwa biyu a kafaɗunta. "To ya zan yi? Kuka yake. In ce ya je ya yi wanka tukuna, sannan in goya shi?"

"Eh mana!" in ji ɗan wani malamin jami'a, mai takalmi da safa.

"Kai, Bulus, kai da aka kawo mini kai nan kana tsiyaya kamar rariya?"

Aka fashe da dariya, har shi. Wata yarinya ta ce ita mamarta tana goya ƙanwarta ko ta yi kashi. Mama ta tambaya, to wankan fa? Suka ce daga baya. Wa yake yin wankan, jaririn ko uwar? Uwar! In ya sha sabulu zai fita tas? Suka ce a'a, ciwo zai yi. Ta yi ta zagaya ɗakin tana jijjiga shi, tana tambaya suna amsawa, har kukan ya koma ajiyar zuciya, kansa ya kwanta a wuyanta. Sannan ta faɗi abu ɗaya, da ƙaramar murya don kada ya farka: haka Allah yake ɗaukar mutum, da taɓonsa, wankan kuma aikinsa ne, ba na yaro ba.

Daga ƙarshen tabarma wata murya mai kaushi ta ce, "In ya yi sata fa?"

Mama ba ta juya da sauri ba.

"Me ya sata?"

"Nama."

"Babba ko ƙarami?"

Rahila ta nuna da yatsunta. Mama ta kwance majanyi, ta zame Dauda ta miƙo mini shi da taɓonsa. Ta taka har ƙarshen tabarma, ta juya wa yarinyar baya, ta durƙusa. Duk ajin ya ji ƙarar gwiwoyinta.

"Hau."

"Na yi girma, Mama."

"Ni na tambaye ki? Hau, ƙafata ta fara sanyi."

Ta hau. Na taya su ɗaure majanyin da hannu ɗaya, da kyar ya kai. Mama ta dafa bango ta miƙe, ƙafafun Rahila suna reto har ƙwaurinta. Na zaci za ta zagaya ɗakin ne ta sauke ta. Sai ta nufi ƙofa. Ta ratsa haraba daidai lokacin da ake fitowa daga sujada, dattawa da matan zumunta suka buɗe mata hanya baki a sake. Ta wuce keken Malam Ayuba ba ta dube shi ba. Na bar ajin a hannun wata malama, na bi su da Dauda a kafaɗa. Malam Ayuba ya tayar da keke ya biyo mu a hankali, fasinjoji suna tsayar da shi yana girgiza kai.

Ta cikin lungunan Samaru muka bi, masu shago suna leƙe, wata mai ƙosai tana cewa, "Sannu Mama, jikin ne?" Mama tana haki tana magana da wadda ke bayanta, ina jin rabi. Ta gaya mata gaskiya, ba ta rage ba. Ta ce ciwon mamarta na ƙoda ne, ya daɗe a jikinta tun Dauda bai zo duniya ba, tun kafin a yanka akuyar da aka yi farfesun da ita. Ta ce mai yiwuwa ta warke, mai yiwuwa Allah ya ɗauke ta, kuma ko wanne ya faru babu ruwan tsokar nama a ciki. Ta ce kofin nan ita ta kawo shi, ba Allah ba, kuma ta fasa shi. Rahila ba ta ce "to" ba. Ta kifa fuska a wuyan farar rigar, kafaɗunta suna rawa.

A ƙofar gida Mama ta ƙi sauke ta sai da Gwaggo Talatu ta fito. "Talatu, ke kika ɗaura, zo ki kwance." Gwaggo ta gane ba majanyin ake nufi ba. Ta tsaya a gaban yarinyar, ta ce ƙarya ta yi, fushi ne ya sa ta, Allah bai aike ta ba. Sannan ta shiga ta tsamo tsokar da ta fi kowace girma a tukunya, wadda aka ajiye wa maigida, ta kawo a murfi. Rahila ta ci a bayan Mama, mai yana ɗiga a kan sitaci. Malam Ayuba yana zaune a kekensa, ya rufe fuska da hula.

Mama ta yi kwanaki ba ta iya miƙewa sosai ba, kuma rigar ba ta ƙara fita ba. Yara suka dawo aji kaɗan-kaɗan. Ba a sake darasin gilashi a cocinmu ba, kuma duk abin da za mu nuna wa yara yanzu sai mun zauna mun tambayi juna: in yaro ya je gida ya yi wannan da hannunsa, shi kaɗai, a bayan ɗaki, me zai faru?

Asabe ta rasu lokacin da masara ta fara gemu. Na je zaman makoki, tsakar gida cike da matan zumunta suna waƙa ƙasa-ƙasa. Ina neman inda zan zauna sai na ji an ja mini zane. Rahila ce, ta goyi Dauda da ɗankwalin mamarta, ya yi barci da ragowar tuwo a kumatu. Na durƙusa.

"Anti, ba naman ba ne, ko?"

"Ba naman ba ne."

"Na sani," in ji ta. Ta gyara goyon da ɗan tsalle, yadda manyan mata suke yi. "So nake in sake ji."

Majanyin da kuka gani ke nan. Mama Rifkatu ta bar mini shi da kwandon lokacin da gwiwa ta hana ta zuwa Samaru. Ranar Asabar ku same ni a gindin mangwaro, kowa ya sa rigar da yake ji da ita. Zan zo da buhun garin masara mai nauyin yaro, mu koyi ɗauri. Injiniya, kai za ka fara.